Tsoho da Jakinsa a Gaban Akwatin Nasara

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Wannan takarda ta fito daga mahaifinka, Mamman na Gangara, zuwa ga ɗansa na fari, wanda kakarsa ta laƙaba wa Jatau. Gaisuwa mai yawa da addu'a da fatan alheri. Ina fatan kun isa Damagaram lafiya, motar nan mai hayaƙi ba ta wargaza maka ƙasusuwa ba. Allah ya tsare ka a inda kake, ya tsare ka daga sharrin mutum da na aljan. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Malam Mati ne ke riƙe da alƙalami, muna zaune a gindin aduwar ƙofar gidansa, na kuma ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki.

Jiya da hantsi wani mai raƙumi da ya dawo daga Damagaram ya kawo mini saƙon tafintan Nasaran nan masu akwatin hoto mai motsi. Ya ce aikinku ya tsaya cik. Ya ce Nasara ya ɗauke ka ne saboda wasa guda da ya ga ka yi a kasuwar Tanut, wasan tsoho da jakinsa. Yanzu an kafa akwati, an kawo jaki, kai kuwa ka ce ba za ka yi ba ko da za a yanka ka. Da tafinta ya matsa maka, sai ka ce masa tsohon nan da kake kwaikwaya ubanka ne, ba za ka sa ubanka a akwati duniya ta yi masa dariya ba. Nasara kuma ya ce in Juma'a ta zagayo ba ka yi ba, a sallame ka ka dawo gida, su nemi wani.

To, na ji. Amsata tana can ƙarshen takarda, kada kuma ka sa mai karanta maka ya yi tsalle ya dira can. Shekara ashirin da biyar ke nan ban taɓa zama na yi hira da kai ba, don kunyar ɗan fari ta ɗaure mini baki. Yau da na samu takarda ta shiga tsakanina da idonka, sai ka yi haƙuri ka ji ni tun daga farko.

Ka tashi ka tarar da ni manomi, mai auna wa ayarin Abzin gero. Abin da na yi kafin wannan ka ji shi ne a bakin mutane, ba a bakina ba. To, yau ji daga gare ni: ni ne ɗan kwaikwayon kasuwannin Damargu. Daga Ollelewa har kwarin Tarka, in aka ce Mamman ya shigo kasuwa, mahauci kan bar nama a kan faranti ya zo kallo. Ban gaji abin ba, ubana ba maroƙi ba ne, Allah ne kawai ya ba ni ido da kunne. In mutum ya wuce ta gabana sau biyu, to, na saye shi ke nan, da tafiyarsa da tarinsa da yadda yake rantsuwa. Ba yabon kai nake yi ba. Malam Mati ya ɗaga kai yana murmushi, don shi ma na taɓa yin sa a gaban surukinsa.

Kuskurena na farko shi ne na dogara da baki. Ina jin muryata ita ce dukiyata. Wata shekara na je rijiyoyin Tarka, na tarar da wasu Buzaye da suka sauko daga can cikin duwatsu, waɗanda ba sa jin Hausa ko ta sannu. Na tsaya a gabansu na saki wasana mafi tsada, na Bulama mai gari yana yi wa masu kuka da haraji faɗa. A Gangara wannan wasa kan sa mata su riƙe ciki. Su kuwa suka zuba mini ido ta saman rawani, ko ƙiftawa ba sa yi. Na yi, na yi, har maƙogwarona ya bushe. Can wani tsoho daga cikinsu ya juya ya tambayi wanda ke jin harshe biyu, shi kuma ya fassara mini da ƙarfi a gaban kowa: "Wai ya ce, bawan Allahn nan me yake sayarwa?"

Ranar na san cewa rabin wasana surutu ne. Da na dawo gida sai na nemi wani kurma mai tufkar igiyar kaba a gefen kasuwarmu, na mayar da shi alƙalina. Duk sabon wasa sai na fara yi a gabansa. In ya ci gaba da tufkarsa, na san ban yi komai ba. In ya ajiye kaba ya buga cinya, to, wasa ya nuna. A wurinsa na koyi cewa kafaɗa tana magana, ƙeya ma tana magana, mutum kuma ya fi bayyana kansa a lokacin da yake zaton ba mai kallonsa.

Na kawo maka wannan ne don ranar da motocinku suka tsaya a Gangara na ja tafintan gefe na tambaye shi aikin akwatin nan mai ƙafa uku. Ya ce mini, "Baba, ido gare shi, ba shi da kunne. Can ƙasarsu za a haska a jikin farin ƙyalle, a ga mutum yana motsi, amma ba a jin ko tarinsa." Na ce a raina, ashe kurmana ne ya dawo da ƙafa uku. Don haka kada ka ɓata numfashinka a gabansa. Kada kuma ka ce tunda ba ya ji, bari ka yage baki ka zare ido don ya gane, wannan aikin sabon shiga ne. Yi a hankali. Bar hannunka ya yi shakka kafin ya kama abu. Kurma ba wawa ba ne, ya fi mai kunne lura.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi, har yau in na tuna shi tuwo kan fita raina. Akwai wani Buzu, Agali, ba za ka tuna shi ba, kana goye a lokacin. Ni ne mai masaukinsa. Duk kaka in ayari ya sauko, a gidanmu yake sauke gishirinsa da dabinonsa, ni nake nemo masa gero mai kyau, uwarka ke dama masa fura. A shekarar da fari ya yi tsanani ya iso da raƙuma ƙalilan, a cikinsu da wata taguwa da ya rena tun tana jaririya. Ta durƙusa a bayan dangarmu ba ta ƙara tashi ba. Na fito da ruwa a ƙwarya sai na gan shi tsugune a kanta. Ya ja rawaninsa sama har ya rufe idanu, kafaɗunsa suna rawa, ba sauti ko kaɗan. Ka san mutanen nan, namiji a cikinsu ko bakinsa ba ya bari a gani, balle hawayensa. Ya yi ne don yana gidana, yana ganin gidan amana ne.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ina tsaye da ƙwarya a hannu, idona yana aunawa: ga yadda ya ja rawanin, ga yadda kafaɗar ke yi. Ranar kasuwa na yi shi. Ban faɗi suna ba, amma wa ke bukatar suna? Kasuwa ta kece da dariya. Ina cikin jin daɗi na ɗaga kai na hango shi tsaye wajen masu sayar da akala. Bai zage ni ba, bai zare takobi ba. Da yamma ya ɗaure kayansa, na bi shi har bakin gari ina cewa wasa ne. Ya tsaya ya ce mini da Hausarsa mai karyewa, "Mamman, na ci tuwonka, kai ka ci ni." Daga wannan shekara ya koma sauka a Ollelewa. Na aika masa sau uku, bai amsa ba, har labarin rasuwarsa ya zo mini.

Ga abin da zan gaya maka a kan wannan. Wasa yana da masu shi. Bafillace ya tsokani Babarbare, jika ya tsokani kaka, taubashi ya tsokani taubashi, kowa ya san hanyar ramawa, kowa ya tashi yana dariya. Amma abin da mutum ya yi a gabanka don ya yarda da kai, ba naka ba ne. Za ka shiga gidaje a tafiyar nan, za a ba ka ruwa, idonka kuma ba zai daina ɗauka ba, na sani, don irin nawa ne. Kafin ka fitar da kowa a gaban akwati, tambayi kanka: in mutumin nan yana tsaye a cikin taron, zai yi dariya tare da su, ko zai je ya ɗaure kayansa? In ba ka tabbata ba, bar shi a cikinka ya mutu tare da kai.

Na uku gajere ne amma yana da ɗaci. Tun kafin abin Agali, wani gardi, wato ɗan sandan Nasara, ya taɓa zuwa ya tafi da ni gaban wani kumandan Nasara da ya sauka rangadi, wai ya ji labarina. Na yi masa na mai awo, na yi masa na makiyayi da ɗan maraƙi, bai motsa ba. Sai ya sa aka ce mini in tuɓe riga, in riƙe mashi, in yi tsalle ina ihu, wai yadda mutanen daji ke yi. Tsoro da kwaɗayin yabo suka haɗu mini, na yi. Ya yi dariya har ya share ido. Da na fito ina mayar da riga, wata tsohuwa mai sayar da daddawa da ta ga komai ta ce, "Mamman, sannu da aiki. To, a wane gari ne ake yin haka? In je in gani kafin in mutu." 

Nawa ya wuce, don wasan kasuwa da kasuwa yake watsewa. Naka ba haka yake ba. Abin da ka ba akwatin nan zai riƙe, ya kai wa mutanen da ba su taɓa taka Damargu ba, su ce haka muke. In an ce ka yi abin da muke yi, yi shi da kyau: yadda ake jan guga da sa, yadda ake auna gero a cika mudu har ya yi toliya, yadda mai ciniki ke tafiya ya dawo sau uku. In an ce ka yi abin da ba ma yi, ka rusuna ka kira shi da kalmar girmamawa ta harshensu ka ce, "Mushe, ba a yin haka a garinmu, amma ga yadda ake yi." Faɗa da ladabi, ka kuma nuna masa wanda ya fi nasa kyau. Baƙo ba ya ƙin abu mai kyau, rashin sani ne ke sa shi roƙon maras kyau.

Yanzu na iso kan wanda ya shafe ka. Bayan abin Agali na rantse na bar wasa, na kama fartanya. Na tsani abin a jikina, har ba na son ganinsa a jikin kowa. Kana da shekara goma na zagayo bayan rumbu na tarar da kai kana yi wa ƙannenka tafiyar liman, hannu a baya, kana ɗan gyaran murya. Wallahi ka yi shi daidai, har da yadda yake kakkaɓe bakin riga. Ni kuwa na karyo tsumagiya na zane ka, dukan da ban taɓa yi wa wani ɗa nawa ba. Uwarka, wadda ita ma kunya ta hana ta shiga maganarka, ranar ta fito ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe? Ba shi kake duka ba, kanka kake duka." Na daka mata tsawa, amma gaskiya ta faɗa.

Tun daga ranar ka ɗauke wasanka daga idona. Ka riƙa zuwa kasuwannin nesa, kana cewa cinikin awaki ya kai ka. Ni ma na yi kamar ban sani ba. Ranar tafiyarka ka durƙusa a ƙofar zaure kanka a ƙasa, ka ce Nasara sun ɗauke ka aiki, ba ka faɗi irin aikin ba, ni ma ban tambaya ba, na ce Allah ya kiyaye hanya kawai. Wannan laifina ne, ba naka ba. In Allah ya ba ka ɗa ka ga baiwa a jikinsa, kada ka dake shi don laifin da kai ka yi da taka. Koya masa inda ramin yake, ka bar shi ya yi tafiyarsa.

To, bari in fasa maka ƙwai. Ranar nan a kasuwar Tanut, ina wurin.

Kai kana zaton ina gona. Na bi maƙwabcinmu ne don in sayi galma, na ji dariya ta tashi wajen masu tabarmi, na ja rawani na rufe fuska na kutsa. Sai ga ka a tsakiyar fili, ba komai a hannunka, ba jaki ba alamar jaki. Ka dafa ƙugu ka ɗan karkace, irin karkacewar da na samu tun da raƙumi ya take ni. Ka shafa wuyan iska, kowa ya ga jaki. Ka duba dama, ka duba hagu, ko akwai mai kallo. Ka ɗaga ƙafa, jaki ya matsa taki ɗaya. Ka tsaya kana yi masa nasiha da yatsa. Ka sake, ya sake. A na uku ka tafi gaba ɗaya ka zube, sannan ka zauna a ƙasa kana gyara rawani a natse, kana kallon sama, kamar da ma zaman ka zo yi.

Jatau, kasuwa ta tashi. Na ga wani mai tallan kanwa ya faɗi a kan buhunsa. Na ga Nasaran ya cire hularsa yana buga ta a gwiwa. Wani da ke kusa da ni, bai gane ni ba, ya dafa kafaɗata yana haki ya ce, "Kai, yaron nan! Tun bayan Mamman na Gangara ban ga irinsa ba." Na ce masa ta cikin rawani, "Wane Mamman? Wannan ya fi shi." Ya ce, "Haba dattijo, kai dai ba ka ga Mamman ba ne." Na ce, "Na gan shi, na san shi sarai, bai kai nan ba."

Ban yi ƙarya ba. Ni sai da na yi shekaru a gaban kurma kafin in iya rabin abin da ka yi ba tare da ka buɗe baki ba. Na yi dariya har rawanina ya jiƙe, ban kuma san inda dariya ta ƙare hawaye suka fara ba. Na dawo gida ban sayi galmar ba. Da ka shigo da yamma ka gaishe ni, zuciyata kamar ta fashe don alfahari, amma abin da bakina ya iya fitarwa shi ne, "An ba awaki ruwa?" Ka ga irin uban da Allah ya ba ka.

Da saƙon tafinta ya zo jiya, na ji wani alfaharin kuma, daban da na farko. Ga hanya ta buɗe maka, irin wadda ba ta taɓa buɗe wa wani ɗan Damargu ba, ka ce ka fasa don mutuncin tsohon da bai taɓa ce maka madalla ba. Abin da na kasa yi wa Agali, kai ka yi mini ba tare da kowa ya koya maka ba. Na faɗa wa uwarka, ta juya baya tana ta gyara murhun da ba abin da ya same shi.

Ga amsata, Malam Mati shaida ne, ya kuma rubuta da manyan baƙaƙe. Hawayen Agali sata na yi. Faɗuwata kuwa tawa ce, ni ke da ita, na kuma ba ka ita kyauta, halak malak, duniya da lahira ba ni da ƙara a kanka. Ka yi ni. Kada ka rage karkacewar don tausayi, kada ka rage nasihar da yatsa. Ka kuma ce wa Nasara ya mayar wa mai jaki jakinsa, naka na iska ya fi shi jin magana.

Sharaɗi ɗaya ne, shi ma gyaran aiki ne daga tsohon ɗan wasa. Ka tsayar da wasan a inda mutane suka fi dariya, a zaune a ƙasa. A kasuwa wannan daidai ne. Amma ranar da jakina ya yi mini haka, kai ka leƙo ta danga ne ka ga faɗuwar, ka ruga don kada in gan ka, ba ka ga sauran ba. Na zauna na huta. Na dafa ƙasa na miƙe, ƙuguna yana ƙara. Na ja jakin zuwa gindin turmi, na taka, na hau a karo na huɗu, na tafi gona na yi noma har azahar. Tafinta ya ce abin da akwatin ya riƙe yana nan bayan mai shi ya shiga kabari, jikokin jikoki ma su gani. In haka ne, kada ka bar ni zaune a ƙasa har abada. Bar su su yi dariyarsu ta ishe su, sannan ka tashe ni.

Uwarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Matarka da 'yarka suna lafiya, suna gaishe ka. Ka gai da tafinta, ka ce na gode da ya aiko maimakon ya yi shiru. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko ana tsakiyar aiki. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kai ka inda ƙafata ba ta kai ba, ya sa ka gama da mutanen nan lafiya, ya dawo mana da kai da mutuncinka. Allah ya yi maka albarka. Na daɗe ina faɗar wannan a zuci, yau ga shi a takarda.

Juma'a ta kusa. Tashi ka je ka hau jakin nan.

Haza wasalam, daga mahaifinka.